Tanderun da Malam Jethro Ya Ƙi Kunnawa

Sanin Iya Dije da Malam Jethro da faɗa ya fara, kuma a kan toka.

A shekarar da sojoji suka koma bariki aka yi abin, damina tana ja da baya. Iya Dije tana da murhu a gindin katangar wata ƙaramar sakandare da ke tsakanin Makera da Kakuri. A nan take tuyar ƙosai tun mijinta yana aikin masaƙa, har Allah ya ɗauke shi ya bar ta da kasko da jika guda. Ran nan ta iso da sassafe, ƙullu a kai, sai ta tarar da mutum tsugune a gaban murhunta, farar rigarsa ta sha guga, yana kwasar toka da murfin gwangwani yana ɗurawa a buhu.

Ba ta tsaya sallama ba. Duk mai sana'ar wuta ta san abin da ake yi da tokar murhun mutum. Kai wa boka ake yi ya ɗaure maka kasuwa, ƙosai ya yini a tire ƙuda ma yana wuce shi. Ga shi kuwa ba a daɗe ba wata mai waina ta kafa tanda a tsallaken titi. Iya Dije ta sauke ƙullu, ta zaro matsami, ta tsaya a kansa.

"Ita ta aiko ka, ko kai ne bokan da kanka?"

Mutumin ya miƙe yana karkaɗe gwiwa. Dogo ne siriri, wuya kamar na zalɓe. "Mama, sori. Ni ticha ne a nan ciki."

"Ticha. To alli ne ya ƙare muku kuka koma toka?"

Ya shiga yi mata bayani da irin Hausar mutanen Zonkwa, wai idan aka tankaɗe toka aka haɗa ta da farar ƙasa da niƙaƙƙen dutse, aka dama, aka tsoma kwanon yumɓu a ciki aka gasa da wuta mai tsanani, tokar narkewa take yi ta zama kamar gilashi a jikin kwanon. Iya Dije ta ce ita dai ta tsufa tana ganin toka a miya, tana ganinta a sabulun salo, tana ganinta a bayan tukunya, amma ba ta taɓa jin ƙarya mai tsari irin wannan ba, ya je ya tsaya takarar kansila tunda lokacinsu ne. Ta sa ya juye tokar inda ya ɗebe ta, ya juya buhun ya kaɗe, ya tafa hannuwansa a kan murhun. Yara sun yi cirko-cirko a bakin get suna kallo. A cikinsu har da Halima jikarta, 'yar aji biyu, wadda ta kare fuska da jaka ta shige da gudu.

Da yamma Halima ta ƙi cin tuwo. Ta ce tsohuwa ta gama kunyata ta, malaminsu ne na zane da aikin hannu, kuma duk makarantar babu mai kirkinsa. Iya Dije ta ce mai kirki ba ya riga mutane zuwa murhunsu.

Washegari sai ga shi ya dawo, hannu a baya kamar ɗalibin da ya makara. Ya ajiye mata wani ɗan kofi a kan benci. Kore ne, irin koren ruwan kogi da rani, yana sheƙi. Ta karce shi da farce bai karcu ba. Ta ƙwanƙwasa shi da zobe ya yi ƙara siririya. Ya ce mata wannan tokar gidan burodi ce, amma tata za ta fi, don ya lura ba ta ƙona roba da tarkace, itacen kirki take sa wa. Maganar ta yi mata daɗi, ba ta dai nuna ba. Ta ce ta yarda, amma da sharaɗi: ita za ta riƙa ɗebar masa da hannunta, ta tofa bisimilla a kai, ko ya kai wa boka ya tarar an riga shi.

Tun daga nan kullum da hantsi yake zuwa ya zauna a bakin bencinta ya ci ƙosai da yaji, yana ci yana hawaye, don bakinsa ba ya ɗaukar barkono amma ba ya iya haƙura. A haka ta tattara labarinsa, guntu-guntu. Uwarsa maginiyar tukwane ce a wani ƙauye bayan Zonkwa. A wurinsu aikin mata ne, shi kuwa tun yana yaro ya liƙe mata, har sa'o'insa suka riƙa tambayarsa yaushe za a kawo kayan aurensa. Ubansa ya tura shi kwalejin horon malamai don ya raba shi da laka, ya fito da takarda, ya zarce Suleja ya koyo gashin sheƙi. Matarsa da 'ya'yansa suna gida suna noma citta, shi yana ɗaki ɗaya a Kakuri, daga shi sai rediyo sai keke. Da wannan keken ya kwaso jan bulo daga wani gidan burodi da ya mutu, ya gina tanderu a bayan azuzuwa, mai kama da ɗan ƙaramin ɗaki da bututun hayaƙi. Sauran malamai suna kiran wurin ofishin Jethro, ba kuma don yabo ba.

Katangar makarantar ta zube ta wani gefe, daidai inda Iya Dije take zama, saboda haka duk darasin a idonta ake yi. Ta ga yadda yara suke gina kwanuka da kofuna karkatattu, a shanya, a yi musu gashin farko su fito jajaye kamar kowane kasko na kasuwa. Sannan a zo kan abin da yaran suka raɗa wa suna kunun toka, don a bokiti ba ya da maraba da kunun tsamiya. Malam Jethro yakan riƙe kwano da 'yan yatsu, ya nutsar da shi, ya ja numfashi guda, ya fito da shi ya girgiza. Ya ce wanda ya daɗe a ciki zai zubo kamar majina, wanda ya yi sauri zai fito kamar mai ƙyasfi. Idan ya bushe ba a taɓa jikinsa, don garin yana bin hannu. A goge gindinsa tas da jiƙaƙƙen tsumma, in ba haka ba ya manne a tanderu sai an fasa. Akwai bokitin da ya kankare tsatsar tsohon ƙarfe ya zuba, akwai na tokar buntun shinkafa, akwai na tokar Iya Dije. Amma kafin wuta duk kamanninsu ɗaya, fari-fari kamar ƙafar da ba ta ga mai ba. Yara su yi ta ƙorafi ina kore ina ja, shi kuwa ya ce su yi haƙuri, launin yana wurin wuta.

Ba ya barin kowa ya rubuta suna a jikin abinsa. Ya ce suna kowa ma yana iya rubuta na wani. Tun yumɓu yana ɗanye kowa zai danna babban yatsansa a gindin kwanonsa, yara suna dariya suna cewa ana dangwala ƙuri'a, wasu har su nemi a ba su ta biyu.

Doka guda ce ba ya wasa da ita, kuma daga wurin uwarsa ya ɗauko ta. A ƙauyensu mata tare suke gashi, kuma ba a cinna wuta idan mai tukunya ɗaya ba ta wurin, don kada tata ta fashe ta ce an ajiye mata a mugun waje. Haka ya kafa wa yaran: mai abu shi zai sa abinsa a tanderu da hannunsa, shi zai fitar da hannunsa, kuma ba a kunnawa sai aji ya cika, kowa ya jefa icensa guda. Iya Dije ta ga ranar da aka fasa gashi saboda yaro ɗaya yana zazzaɓi. Ta leƙo ta katanga ta ce masa ko liman ba ya jiran mamu haka.

Halima ta ƙi gaya mata abin da take ginawa. Ta ce dai na tsohuwa ne, kuma sai ya fito za ta gani. Iya Dije ta ce in dai irin karkatattun nan ne ta yafe, kaza ma ba za ta sha ruwa a ciki ba.

A farkon shekarar dubu biyu, wata Juma'a, 'yan aji biyu suka yi layi suka shirya kayansu a tanderu hawa-hawa. Malam Jethro ya toshe ƙofar da bulo, ya yaɓe da laka, ya bar 'yar kafa guda ta leƙen wuta. Aka tara itace a gefe. Aka ce ranar Litinin da safe za a kunna.

Litinin ɗin ce wadda duk mutumin Kaduna ya sani, ranar da rikici ya tashi tsakanin Musulmi da Kirista ya raba garin gida biyu. Yara sun hallara, kowa da icensa a hannu, ashana tana aljihun Malam, sai aka hango hayaƙi ta wajen gada, ba irin na bola ba. Shugabar makaranta ta sa aka kaɗa ƙararrawa, ta ce kowa ya kama hanyar gida. Yaran suka tsaya suna kallon tanderu. Iya Dije tana kwashe kaskonta ta ji abin da ya ce musu da kunnenta.

"Ku ajiye itacen ku tafi. Ba mai taɓa wutar nan sai kun cika. Na yi muku alkawari."

Halima ta ce za ta raka ƙawarta ta dawo. Bayan kwanaki aka same ta kusa da layin dogo, jakar makaranta tana bayanta. Iya Dije ce ta yi mata wanka. Ko a lokacin ta san tana cikin masu sa'a, don da yawa ba su sami abin wankewa ba.

Da aka buɗe makaranta, ajin bai kai rabi ba. Wasu sun mutu. Wasu iyayensu sun kwashe su sun haye kogi zuwa Tudun Wada da Rigasa, wasu sun gangara Narayi da Sabon Tasha, kowa ya bi inda masu irin sallarsa suka fi yawa. Wasu ba wanda ya san inda suka yi. Iya Dije ta koma bakin murhunta, don zaman ɗaki ya fi tuya ƙuna. Malam Jethro ya zo ya durƙusa ya yi mata gaisuwa. Ta ce ya tashi, rigarsa za ta yi datti. Ta zuba masa ƙosai, ya riƙe a takarda har ya huce.

Tanderu kuwa yana nan a toshe. Da farko kowa ya ɗauka jiran 'yan makonni ne. Damina ta sauka, ya nemo tsohon kwanon rufi ya rufa masa, ya riƙa bin tsagar laka yana yaɓewa. Gara ta ci itacen da yara suka ajiye, ya share ya kawo wani ya jera a daidai wurin. Sababbin ɗalibai suka zo, suka gina kwanukansu, suka shanya, ba inda za a gasa. Sai ya tsaya a gaban allo ya zana musu wuta da alli, ga inda take shiga, ga inda take fita. Kwanukansu su bushe a taga su ruguje, a mayar da su cikin ruwa a sake kwaɓawa. Bai ƙara neman toka ba. Iya Dije ta ci gaba da tara masa a buhu har buhu ya cika, sannan ta zubar a kwata.

Yara suka daina bi ta bayan azuzuwa. Wai idan ka kara ido a kafar leƙe za ka ga fararen abubuwa a jere suna kallonka. Iya Dije ta ce kwanuka ne, jakai, me kuke so su yi in ba jeruwa ba. Amma ita ma ta gyara zaman bencinta, ta ba wa zubabbiyar katangar baya.

Akwai mace guda da ba ta tsoron wurin. Sunanta Scholastica, tela ce, ta koma Narayi bayan rikicin. Ɗanta Tanko ajinsu ɗaya da Halima, ya fita daga get ranar nan, daga nan ba a sake jin ɗuriyarsa ba, ba a asibiti ba, ba a bariki ba, ba cikin gawawwaki ba. Takan zo jefi-jefi bayan an tashi, ta zauna a kan bulo kusa da tanderu, ta dafa jikinsa da tafin hannu kamar mai duba zazzaɓin yaro. Malam Jethro ya tsaya nesa kaɗan. In za ta tafi sai ta ce masa, "Ticha, kana jira ko?" Ya ce yana jira.

Haka aka ci damina uku. Mutumin ya rame, wuyan nan ya ƙara tsawo, ya daina zuwa gida hutu don kada wani ya taɓa masa tanderu. Matarsa ta zo har Kakuri ta yi kuka ta koma. Iya Dije tana gani, abin yana cin ta ta gefe biyu. Tana jin tausayinsa, tana kuma jin haushinsa, don abin da Halima ta gina mata yana bayan bulon nan, taku kaɗan daga inda take zaune, wani ƙato ya hana ta.

Da zaɓe ya sake matsowa, sai aka tuna da makarantar. Aka ce za a gina sababbin azuzuwa, kuma filin da aka auna ya haɗa da tanderu. Ɗan kwangila ya zo ya kafa turaku ya ja igiya. Shugabar makaranta ta gaya wa Malam Jethro ya kwashe abin da zai kwashe kafin ƙarshen zango, in ba haka ba leburori su sa diga. Ya ce ba zai iya kwashewa ba, ba hannunsa ne ya sa ba, kuma ɗanyen kunun toka ko taɓa shi aka yi ya lalace. Ta ce to ya gasa. Ya ce aji bai cika ba. Ta dube shi ta koma ofis.

Ranar Iya Dije ta tsallaka zubabbiyar katangar, abin da ba ta taɓa yi ba. Ta same shi yana yaɓe wata tsaga.

"Malam, mu dai a wurinmu idan mutum ya mutu da safe, kafin azahar an kai shi. Kai ka rufe yaran mutane a ɗaki shekara da shekaru kana yi musu yaɓe."

Ya ce alkawari ya yi, kuma ita ma ta ji.

"Na ji. Da Halima ka yi, ni na gaje ta. Na sauke maka nata. Saura na wa?"

Ta san saura na wa, na uwar Tanko ne.

Ran Asabar ta yafa mayafi ta hau bas zuwa Narayi, inda rabonta da shi tun kafin rikici. Mutanen unguwarsu suka ce ta haukace. Ta ce wanda zai kashe tsohuwa irinta asarar ƙarfinsa zai yi. Ta yi ta tambaya har ta sami shagon Scholastica. Matar ta ba ta kujera da ruwa, ta saurare ta, keken ɗinki a tsaye. Ta ce ita ba za ta iya cewa a kunna ba, don ranar da aka kunna ta yarda ke nan Tanko ba zai zo ya jefa icensa ba. Iya Dije ba ta lallashe ta ba, ba ta iya ba ma. Ta ce mata ita ba ta zo cewa yaron ya mutu ba, wannan sanin Allah ne. Amma diga tana zuwa. In ya dawo, ko dai ya tarar da kwanonsa gasasshe a hannun uwarsa, ko ya tarar da shi a ƙarƙashin simintin aji. Ta zaɓa. Scholastica ta daɗe tana murza bakin wani yadi. Daga baya ta ce ita za ta jefa icen, amma kada kowa ya ce a madadinsa ne. Riƙe masa wuri za ta yi.

Aka aika wa waɗanda aka san inda suke. 'Yan kaɗan suka zo, sun yi tsawo, muryoyin mazan sun buɗe, na hayin kogi sun tsaya gefe guda, na wannan hayin gefe guda, suna gaisawa kamar surukai. Malam Jethro ya duba su, ya duba gibin da ke tsakaninsu, ya zaro ashana. Sai da ya karya uku kafin ɗaya ta kama.

Ya fara da 'yar wuta ƙarama a bakin tanderu, ya ce sanyin damina uku yana cikin kayan, in aka matsa musu za su fashe. Tururi ya yi ta fita ta bututu, fari, mai warin tsohon ɗaki. Sai da rana ta take sannan ya ce a fara jefa itace. Yaran suka jefa. Scholastica ta jefa. Iya Dije ta jefa nata, ta ce ice ne mara kyau, wanda ya sayar masa ya cuce shi. Ragowar itacen, na waɗanda ba su zo ba, shi ya riƙa ɗauka ɗaya-ɗaya yana sakawa, leɓensa yana motsi. Can ciki aka ji wani abu ya fashe, ɗas, sannan wani. Ba wanda ya dubi wani. Kafin la'asar ta yi sanyi kafar leƙe ta koma fara fat, ba a iya kallonta. Ya toshe ko'ina ya ce a bar shi ya huce.

Safiyar da aka buɗe, shi ya ciro bulon ƙofa, ya ja da baya ya sa hannuwansa a aljihu. Ga su nan hawa-hawa. Kore, ruwan ƙasa, wani kamar zuma, wani fari mai shuɗi-shuɗi. Wasu sun tsage, wasu sheƙin ya tattare ya bar jar ƙasa a fili. A cikin da yawa zanzaro ya shiga ta kafar leƙe ya yi gini tun shekarun baya, wuta ta gasa gidajen nasa sun manne a cikin kwanukan. Sai kuma ƙarar. Da iska ta shiga, kayan suka fara wata 'yar ƙara siririya, nan ƙil, can ƙil, kamar ana taɓa kofi da cokali a wani ɗaki. Malam Jethro ya ce sheƙin ne yake tsatstsagewa in ya sha iska, haka yake yi. Ya faɗa da muryar darasi, amma fuskarsa ba ta darasi ba ce.

Yaran da suka zo suka ɗauki nasu. Biyu ma sun manta wanne ne, suka yi ta gwada yatsa a gindi, yatsun sun yi wa shaidar girma. Aka bar saura, sun fi waɗanda aka ɗauka yawa. Scholastica ta san na Tanko, don ya taɓa gaya mata kofi ne mai hannu biyu. Ta ciro shi ta naɗe a gefen zaninta, ba ta yi wa kowa sallama ba.

Iya Dije ta tsaya a bakin ƙofar. Ta ɗauko wannan ta juya, ta ɗauko wancan. Kowanne da ɗan yatsa a gindinsa, ƙanana, kusan duk ɗaya. Ta tambayi 'yan ajin, ba wanda ya tuna. Ƙawar da za ta sani, tare suka tafi, ita ma ba ta dawo ba. Ta tambayi Malam, ya ce yarinyar ɓoyewa take yi har shi, da bayanta take kare abin in ya zo wucewa. Ya ce ta zaɓi wanda ranta ya kwanta da shi. Ta ce ita ba ta zo ɗaukar na 'yar wani ba. Ta mayar da na hannunta daidai inda ta ɗauke shi, ta tsallaka katanga ta koma ta hura murhunta.

Shi ya kwashe sauran da hannunsa a ƙarshe, ana gobe leburori za su zo. Ya jera su a kwali ya ɗaura a keke ya kai ɗakinsa. Ba a sake ba shi wurin gina wani tanderu ba, shi ma bai nema ba. Bayan shekara ya ajiye aiki ya ce zai koma gida. Ita ma a lokacin ɗan mijinta ya matsa sai ta dawo wurinsa Rigasa, ƙafa ta fara ƙi. Daga baya ta ji a bakin wata mai kawo citta cewa bai daɗe ba a ƙauye, ciwo kaɗan ya yi. Kwalin kuwa ba wanda ya iya gaya mata inda ya ƙare.

Ganinsu na ƙarshe a bakin bencinta ne, ya zo sallama. Ta zuba masa ƙosai ta rage yaji, ya ce ta ƙara. Yana ci yana share ido, sai ya ce mata, a hankali don kada yara su ji, har yanzu kwanukan ba su yi shiru ba. Suna ƙarƙashin gadonsa. Yana zaune da rana tsaka sai ya ji ƙil, in ya juya sai wani ya amsa daga ɗaya gefen. Ya san dalili, shi ya koyar da dalilin. Amma wani lokaci sai ya ji kamar lokacin da yake kiran suna a aji, har bakinsa ya buɗe.

Iya Dije ta juya ƙosan da ke cikin mai, ta tsame, ta tsane. Ba ta dube shi ba.

"Malam, ka ji abin da zan gaya maka. In ka ji sun kira ka, kada ka amsa. Yara ne, ba su san in mutum ya bi su ba ya dawowa ba."